Dattin Tankar Mai Gidana

A shekarar da ƙasar Sin ta karɓi wasannin Olamfik, takarda ɗaya ce ta tsaya mini a wuya a Guangzhou. Bizata ta kusa ƙarewa, kuma ba za a sabunta ba sai mai gidan da nake haya ya taka da ƙafarsa ofishin 'yan sanda ya sa hannu cewa a wurinsa nake kwana. In bai sa ba, sai Kano, karatun shekara uku ya bi ruwa.

Mai gidan wani tsoho ne a unguwar Liwan, mu biyu kaɗai a gidan. Lawban nake kiransa, wato maigida da yarensu. Duk sanda na ce, "Lawban, maganar takarda fa?" sai ya ce "meyo", wato babu. Babu lokaci, babu ƙafa, babu dai.

Amma yana da lokacin tankokin yaƙin Jamus na roba. A kwali ake sayo su gutsi-gutsi, mutum ya zauna da gam ya harhaɗa. Tsoho da furfurarsa! Sun fi ashirin a falo. Babbar cikinsu tana kan talabijin, kuma wallahi ƙazantarta ta isa. Taɓo ya bushe a sarƙar ƙafafunta, tsatsa ta zubo ta gefe, bakin bindigar ya yi baƙi ƙirin. Kullum na wuce sai raina ya ɓaci.

Ni kuwa goyon Hajiyarmu ne, matar da in ta aro tukunya sai ta wanke ta kafin ta mayar, ko da ba ta dafa komai a ciki ba. Na ce ai ga hanyar shiga ran tsohon nan. Ba shi da mai taimakonsa ne, Allah sarki.

Da ya fita shan shayin safe, na ɗora ruwan zafi, na kawo garin sabulu da tsohon buroshin haƙori. Dattin ya yi taurin kai. Na ce yau ka gamu da ɗan Kano, na ɗauko soson ƙarfe. Awa biyu ina dirza har gumi. Ta fito fes, tana sheƙi kamar sabon bokiti. Har turare na ɗan fesa mata.

Ya shigo, ya gani, ya tsaya. Ina gefe ina murmushi, ina jiran godiya.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Zama ya yi a ƙasa daɓas, ya buɗe wani akwati ya nuna mini: kwalaben fenti kala-kala, duk na datti. Akwai na taɓo ɗanye, akwai na busasshe, tsatsa ma iri uku. Ashe da kuɗinsa yake sayen ƙazanta! Da buroshi mai gashi kamar uku ya ɗiga kowace tsatsa, wata huɗu cur, don tankar ta yi kama da wadda ta sha yaƙi.

Na ce, "To Lawban, a yi haƙuri, a sake shafa mata mana."

Sai ya miƙo mini hannuwansa biyu. Rawa suke yi kar-kar. Na sha ganin shayi na zuba a rigarsa, ban taɓa kawo komai a raina ba. Tankar nan ita ce ta ƙarshe da ya yi kafin hannun ya ƙi. Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage. Na shiga ɗaki na fara haɗa kaya.

Washegari da sassafe ya buga mini ƙofa, ya sa takalmi da hula. Ya tasa ni gaba har ofishin 'yan sanda. Sai da ya dafe hannun dama da na hagu kafin ya iya rubuta sunansa, ina tsaye ina kallo, idona ya cika da ƙwalla.

A bakin ƙofa na fara zuba godiya. Ya katse ni.

"Ba don kai ba ne," in ji shi. "Ba za ka bar ƙasar nan ba sai ka mayar mini da dattina."

Wata biyar na yi ina ɗiga tsatsa, yana tsaye a kaina yana cewa meyo. Har yau ban gaya wa Hajiya ba.