Rabin Hoton Inna a Jidda

Mun tashi da asuba daga gida, ni da abokan tafiyar umara biyu 'yan unguwarmu, muka isa filin jirgi na Kano gari bai gama wayewa ba. Ƙarfe takwas aka ce jirgi zai tashi. Ƙarfe biyu na rana ya tashi. Na rubuta duka biyun a ɗan littafina, domin shekara ashirin na yi ina tsaron sito a masaƙa, ban saba barin abu ya wuce ba a rubuce ba.

Umara ce dalilin da na faɗa wa mutane, amma akwai na biyu. Ƙanena ya shekara goma sha ɗaya a Jidda bai leƙo gida ba. Inna, mahaifiyarmu, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, kuma ba ta da zance sai nasa. Da na je yi mata sallama ta ce, "Kada ka kawo mini dabino. Shi nake so ka kawo mini."

Ibada muka fara, kwana uku a Makka, sannan muka sauko Jidda. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, mai jiƙa ne, ka fito daga wanka ka shiga wani. Tituna masu faɗi, motoci manya, direbobi kuma kowa da dokarsa. Abinci da arha. Da riyal biyu muka sayi ful, wato dafaffen wake da aka dama da mai, da gurasar tamis mai faɗin faifai, mu uku muka ƙoshi. Abokan tafiyata suka faɗa kasuwar Balad sayen agogo da turare. Ɗaya har bargo ya saya, ya ɗauko shi a ka cikin wannan zafi yana gumi yana yabon laushinsa.

Rana ta huɗu na nemi Sharafiyya. Unguwa ce cunkus, shago kan shago, kana jin Hausa ta fito daga wani lungu ta haɗu da Larabci a tsakiyar jimla. A bene na uku na sami ƙanena. Ya rame, ya yi furfura kafin ni. Da ya miƙo hannu na ga yatsunsa uku baƙi ƙirin har cikin farce. A wasiƙunsa "aikin mujallu" yake cewa, mu kuma muna gaya wa maƙwabta marubuci ne.

Bayan gaisuwa na jera masa maganata. Na farko, Inna ta tsufa. Na biyu, ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba shi da kafili mai tsaya masa. Ban kai ga na uku ba ya ɗaga hannu.

"Yaya, ka san idan na miƙa kaina ga hukuma aka mayar da ni gida, halas, shi ke nan, ba ni ba Jidda. Ka zo gobe ka ga aikina, sai ka ƙarasa lissafinka."

Rana ta biyar muka tafi unguwar Bagdadiyya, zuwa wani babban sito na masu shigo da mujallun ƙasashen waje. Maza takwas a dogon tebur, kowa da alƙalami mai kaurin baki. Aikinsu shi ne duk inda fatar mace ta bayyana a hoto, hannu ko ƙirji ko cinya, su shafe da baƙar tawada kafin a kai kanti. Shugabansu, wani Bamisire mai tumbi, yana zagayawa yana cewa "Yalla, yalla!", wato maza-maza. Ya bar ni na zauna da sharaɗin kada in taɓa tawada.

Ranar, mujallar kiɗan rok ce a gaban ƙanena, kiɗan samarin Turawa mai ƙarar jita. Kwafi ɗari biyu iri ɗaya, ya haddace shafukan, yana buɗewa yana shafewa ba ya ko dubawa. Na ɗauki guda wadda ba a taɓa ba, na bi ta daga bango zuwa bango. Turancina na aji bakwai ne, amma ya isa karanta abin da ke ƙarƙashin hoto.

Ga abin da na gani. Maza su ne a bango da tsakiya, gashi har kafaɗa, kowa rungume da jitarsa. An rubuta sunansa, da garinsu, da irin jitar, har da wanda ya koya masa. Mata suna da yawa, sai dai akasarinsu a jingine suke da wani, ko a tallar sigari da lasifika, tufafi kaɗan, suna babu. Guda ɗaya mawaƙiya ce da aka ba shafi biyu, rabin rubutun a kan rigarta da mijin da ta rabu da shi. Baƙaƙen fata kuwa sai na neme su. Ɗaya yana can baya wajen ganguna, kan wani ya tare rabin fuskarsa. Biyu suna ɗaukar kaya. Sai a shafi na kusa da ƙarshe na ga wata tsohuwa baƙa, da ɗankwali, zaune a kujerar katako da jita a cinya. Hoton bai fi akwatin ashana ba. An ce daga wajen irinsu kiɗan ya samo asali, ba a faɗi sunanta ba.

Na ce wa ƙanena, "Wannan ai rashin tsari ne. Mai abu a baya, mai aro a gaba."

Ya yi dariya. "Ita kaɗai ce ba na shafewa, Yaya, ba ta da abin shafewa. Sauran, can sun tuɓe su, nan mun rufe su. Ni da na shekara shida a kansu ban san wadda ta iya waƙa a cikinsu ba."

Da azahar muka zauna cin shinkafa a bakin sito. Ƙanena ya ciro wata takarda daga jakar kuɗinsa, ya ajiye a gwiwata. Rabin hoto ne. Hannuwan mace biyu riƙe da 'yan sanduna, da ƙwarya a kife cikin ruwa. Na gane munduwar.

Dole in faɗi wannan yadda yake. Inna makaɗiyar ƙwarya ce, mai waƙa a bikin mata, da shi ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. Da na zama babba a gida, aka sa ni cikin dattawan masallaci, na ga abin bai dace da ni ba. Na hana ta fita biki, na kulle ƙoren a ɗaki. Hotonta guda ɗaya da muke da shi na sa almakashi na raba, na rataye fuskar a falo, na yar da sauran. A kan wannan muka yi faɗa da ƙanena, bayan wata biyu ya tafi. Ban san ya tsince rabin ba.

"Ni ana biyana nake shafe matan da ban sani ba," in ji shi. "Kai wa ya biya ka?"

Shinkafar ta huce a gabana.

Daga baya na ce, "Me kake so?"

"Ka buɗe ɗakin ƙoren nan. Ka aiko mini muryarta a kaset, da ƙwarya, ba gaisuwa ba. In na ji, zan zo."

Ya ba ni rabin hoton. Kwana biyun da suka rage na bi abokan tafiyata kasuwa, na sayi rikoda ƙarama. Mai bargo ya ce, "Malam, kai da ko rediyo ba ka bari a kunna?" Na ce ya kula da bargonsa.

Mun sauka Kano da la'asar. Inna ta dubi bayana, ba ta ga kowa ba, ta kau da kai. Washegari na buɗe ɗakin. Ƙore biyu gara ta cinye, ɗaya ta tsira. Na wanke ta da kaina, na cika kwano da ruwa, na kai gabanta. Ta daɗe tana kallona.

"Dattawan masallaci fa?" in ji ta.

Na ce, "Su ma an haife su."

Muryar ta dushe, amma ba ta manta baiti ko ɗaya ba. Matan gidan suka taru suna amshi. Ni na riƙe rikoda. Wani maƙwabci mai tafiya umara ya tafi da kaset ɗin.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Na je ina ganin laifin Turawa masu mujalla da masu tawada, na tarar almakashina ya riga su. Na manne hoton, tsagar tana nan a tsakiya, na rubuta cikakken sunan Inna da sana'arta a ƙasa.

Jiya maƙwabcin ya dawo da saƙo. Ƙanena ya ajiye alƙalami, ya miƙa kansa, yana jiran jirgi. Na gaya wa Inna. Ta ce a sayo mata ƙore biyu sababbi, ɗaya ba ta isa tarbar baƙo ba.