Tsohuwar da Ta Yi Saiwa

A ƙauyenmu, can bayan Bakori, idan an ci tuwon dare ba a kashe murhu da wuri. Iya, mahaifiyar Baba, takan ja kujerarta kusa da garwashi, ta zube mana busasshiyar masara a tabarma. Dokarta ɗaya ce: "Hannun da ba ya murzar masara, kunnen mai shi ba zai ji tatsuniya ba."

Akwai wata tatsuniya da ta yi ta maimaita mana wata shekara. Takan ce, "Ga ta nan, ku matso kafin ta huce." Wai wata tsohuwa ce, Allah ya buɗa wa ɗanta, ya ce uwarsa ta gama wahala. Ya karɓe tulu, ya karɓe taɓarya, ya karɓe fartanya, ya shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Ta zauna rani, ta zauna damina. Ran da ta ce bari ta je barkar haihuwa, sai ta ji ƙasa ta riƙe ta. Ashe dugaduganta sun yi saiwa. Aka kira ƙarti suka ja, ko gezau. Haka ta zama tsamiya, ɗan yana kuka a gindinta, tana zubo masa 'ya'ya masu tsami.

Mu yi ta dariya muna leƙen ƙafar Iya. Ta ce, "Ku duba da kyau, 'yan nema. Da saura tukuna."

Sai da na girma na tuna cewa wannan tatsuniyar kaɗai take ɗaga wa murya. Baba yana bayan zana da rediyonsa. Da shi take. A shekarar ne aka fara ce masa abin kunya ne uwarsa tana noman 'yar gonarta kamar ba ta haifa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta yi musu da shi. Ya ba wani aron gonar. Kafin wata kakar, sai an tallafe ta take fita shan hantsi.

Yanzu gwiwata ce ke ƙara. Bara da na kwanta ciwo, ɗana Sani, mai sayar da hatsi a Funtua, ya kai ni gidansa. Matarsa 'yar albarka ce, ko buta ba ta bari in ɗauka. Ban daɗe ba na koma salla a zaune. A asibiti aka ce in riƙa tattaki. Tattakin ina, daga ɗaki zuwa falo? Na lallaɓa na dawo ƙauye, na koma 'yar gonata.

Da damina ta faɗi Sani ya zo. "Inna, ki bar gonar nan haka. Zagina ake yi."

Gaskiya na gaji. Wata safiyar fartanya kamar an ɗaura mata dutse, kuma "to" ta fi komai sauƙin faɗi. Amma na ga inda kunya ta kai Iya, ni kuwa ban iya tatsuniya ba.

Na ce, "Su zage ka, ɗan nan. Ka sa a yi mini huɗa, shuka da cirar ciyawa nawa ne. So nake in ƙare sallata a tsaye."

Ya ce, "Maganin gwiwar fa, kina sha?"

"Ina sha."

Hutun da ake ba tsoho da ƙauna ake ba shi, shi ya sa ƙin karɓa yake da wuya. Jiya na je gonar, na zauna a hanya ban san adadi ba, na dawo baya na ciwo. Amma magariba a tsaye na yi ta.