Notin ƙafar baya

A da, lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, bakaniken babur ba ya ɗora sifana a kan noti sai ya fara murza shi da yatsu. In ya tafi salin-alin, to nasa ne. In ya cije, sai a ajiye a nemo wani. Yanzu kuwa hannu ya saba da baburan Sin, masu awo iri ɗaya, har an manta akwai wani awon a duniya.

Babur ɗina ɗan Ingila ne, ya girmi yawancin masu gyaransa. Zaren notocinsa, wato tsagar da ke cikinsu, da inci aka yanka, na yanzu kuwa da milimita. A ido ba ka ganin bambanci. Da babur ɗin nake zuwa gonata bayan Rido, in ɗoro buhun masara a baya, a hanyar da masu Keke ke ƙin shiga da damina. Da notin ƙafar baya ya tsage, wanda ke riƙe sandar da ta ratsa hob, wato cibiyar ƙafar, na san in sandar ta lalace babu inda zan samo irinta.

Na zauna a Khartum, na ga tsofaffin makanikai da gwangwanayen notoci biyu, na inci daban, na milimita daban. A Duwala na taɓa yin gardama da Faransanci a kan wannan magana, aka saurare ni. A garinmu, da harshen uwata, na kasa.

Na je wurin wani mai sayar da kayan gyara a Kakuri, mutumin kudu maso gabas ne, mun daɗe da sanin juna. Ya zazzage kwali a kan tebur, ya zaɓo ɗaya.

"Baba, ga shi. Noti ai noti ne."

"Oga, wannan na milimita ne."

"Wannan babur naka da ya ga zamanin Turawa, har yanzu zaɓen abinci yake? Ka sayar mini, in sa shi a falo."

Na karɓa don a gwada kawai, na kai wa bakaniken da ke gefensa, wani magidanci daga kudancin jiha, mai fara'a da saurin hannu. Na ce masa ya murza da yatsu, in ya cije ya bari. Na maimaita. Ya ce, "An gama, Alhaji." Ya murza, notin ya ɗan shiga ya tsaya.

"Tsatsa ce," in ji shi. "Bari in sa masa mai ya jiƙa."

Aka kira azahar, na tafi masallaci.

Da na dawo na tarar ya zura dogon bututun ƙarfe a hannun sifana, ya hau kai da ƙafa, maƙwabcinsa mai faci ya riƙe masa babur. Yana haki yana murmushi.

"Ya shiga, Baba! Da ma taurin kai ne irin na tsofaffi."

Na durƙusa. Garin ƙarfe mai ƙyalli ya zubo a ƙasa ƙarƙashin hob. Na ce ya kwance. Da notin ya fito, zaren sandar ya shafe sumul, kamar ba a taɓa yanka shi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, bai ga laifinsa ba, kuma ba mugunta ya yi ba. Haka yake yi kullum, kuma a kan baburan da ya sani yana yin daidai. Har ya ba ni shawarar a yi wa notin walda a huta. Na tambaye shi ranar da taya ta yi faci fa? Ya ce, "Allah zai kawo dabara."

Na yi yawon neman sanda, Sabon Tasha, Unguwar Mu'azu, har wajen masu tsofaffin ƙarafa. Wasu ba su ma gane abin da nake nufi ba. Daga ƙarshe na kai ta wurin mai injin yankan ƙarfe, ya rage kaurinta, ya yanka sabon zare na milimita. Da zai miƙo mini ya ce, "Baba, ta sirance. Kai kaɗai za ta ɗauka, a kan kwalta. Ban da kaya, ban da gargada."

Babur yana tashi har yau. Ina zuwa masallaci da shi, ina kai ziyara Barnawa. Gonar kuwa na ba wani haya, don tun daga ranar babur ɗina bai sake bin hanyar Rido ba.