Sabi'u Mai Firinta da Masu Jabun Katirij

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sabi'u mai gyaran firinta na Gaya ya rasu.

Da safen nan ina bakin titi ina jiran babur zuwa makaranta ƙaninsa ya kira ni. Wai bayan sallar asuba ya ce kansa na sarawa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Na buɗe waya, sai na ga wasu sun riga ni. "Mun yi babban rashi." "Mutum mai amana." Har da hoton hawaye.

Ku? Ku ne kuka yi rashi?

Bari in faɗa wa wanda bai sani ba. Ni sakatare ne a wata makarantar kuɗi a Ajingi. Duk firintar da ta ƙi aiki daga nan har Toranke, Sabi'u ake kira. Ya taɓa zuwa mana cikin ruwan sama ana gobe jarrabawa, ya gyara, ya tsaya ya taya ni jera takardu har muka gama. Shayi kawai ya sha.

Shekaru biyu da suka wuce makarantunmu suka haɗu aka sayi sababbin firintoci, aka ba wani ɗan kwangila aikin kawo katirij, wato robar da tawada ke ciki. Kwali fes, tambari na ƙyalli. Aka saka, firintoci suka ƙi karɓa. Duka.

Sabi'u ya ciro ɗaya, ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a jikinta kamar layin waya.

Ya ce, "Malam, ka ga wannan? Kamfani ne ke sa masa hannu da wata lambar sirri da ba ta fita daga wajensu. Da ka saka, firinta za ta yi masa tambaya. Na gaske ne kaɗai ya san amsa. Ana kwaikwayon kwali, ana kwaikwayon tambari, amma wannan sa hannun ba a buga shi a bayan kasuwa."

Na ce, "To yanzu jabu aka kawo mana?"

Ya ce, "Ba ni na faɗa ba, injin ne."

Shi kansa ba son tsarin yake ba, don ya kashe masa sana'ar ɗura tawada. Yakan yi ta mita cewa kamfanonin sun cika son kai. Amma ya ce wannan daban, ƙarya daban.

Ɗan kwangila ya same shi a shago tare da shugaban kwamitin makarantunmu. Abin da suke so kaɗan ne, in ji su: ya rubuta cewa firintocin ne suka zo da matsala. Ina zaune a kan benci. Sabi'u ya dubi shugaban ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ba zan sa hannuna a kan abin da na san ba haka ba ne."

A taron da ya biyo baya sai labari ya juya. Wai Sabi'u ne ya taɓa injinan don a riƙa kiransa gyara. Manyan mutane, da babbar riga da carbi, suka haɗu a kan mai ɗan shago ɗaya. Wani da ko kunna kwamfuta bai iya ba ya miƙe yana bayanin yadda aka lalata su. Aka yi ta gyaɗa masa kai.

Ina wurin. Ban ce uffan ba, don ina tsoron aikina. Wannan nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Aka daina kiransa. Daga baya an kawo wani daga Kano, ya duba, ya faɗi abin da Sabi'u ya faɗa. Aka canja katirij a ɓoye. Babu wanda ya taka ya ba shi haƙuri.

Ganina da shi na ƙarshe ranar kasuwar Ajingi ne, yana ɗaure buhun irin gyaɗa a bayan babur. A lokacin ya fi ba da ƙarfi a gona. Na fara kame-kame ina neman gafara, ya katse ni yana dariya.

"Malam, kana da iyali. Bar maganar nan. Firintarku dai tana jan takarda?"

Ka ji mutum.

Shugaban kwamiti yau shi ne a sahun gaba wajen jana'iza, yana share ido da hular da ya cire. Ka bar wahalar da kanka, Alhaji. Matar Sabi'u da 'ya'yansa mata uku sun shekara biyu suna jin ana ce wa maigidansu macuci. Ka san ƙofar gidan. Ka je ka faɗa musu gaskiya da bakinka, a gaban mutane, yadda ka faɗi ƙaryar. Ni da yamma zan je in faɗi tawa.

Ya Allah ka gafarta wa Sabi'u, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ƙuncin da ya haɗiye ya zama kaffara a gare shi. Ka tsaya wa iyalinsa.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a ko da Ƙulhuwallahu ce ƙafa uku. Ni ma ku roƙa mini Allah ya yafe mini shirun da na yi.