Kututturan Gonar Baba

Har yau in na ji malami ya ce wa yara "kimiyya ta ce", sai raina ya ɓaci. Wace ce ita? A ina ta zauna ta ce? Ni ma na yi shekaru ina faɗin haka, kuma na san abin da ya jawo mini.

A makarantar horon malamai, ga yadda aka koya mana koyar da kimiyya: ka rubuta taƙaitaccen darasi a allo, yara su kwafe a kaye, wato littafin rubutu, su haddace, ranar jarrabawa su amayo maka. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa mutane ne suka gano abin da ke cikin littafin, bayan sun yi ta lalube, sun yi kuskure, sun yi gardama. Mun ɗauka haka ya sauko daga sama, da bangonsa da komai. Cikin darussan akwai na gyaran gona. Wai gonar zamani ita ce wadda aka share tas, ba kututture ba toho, don itace yana ƙwace wa hatsi ruwa, yana tara tsuntsaye. Na haddace shi har da waƙafi. Karatun aku, amma ni a lokacin gani nake ba wanda ya kai ni.

Shekarar da aka fara tura ni koyarwa, na je hutu ƙauyenmu, kusa da Sae Sabuwa, ana tsakiyar sharar gona. Baba ba ya shara irin ta mutane. Inda kututturen kalgo ko sabara ya yi toho, sai ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sassabe sauran. Sa'anninsa suna yi masa ba'a, wai ƙazamin manomi, shi ko a jikinsa. Ni ne abin ya dama. Ɗan lakol guda, wanda ya yi karatun boko, malamin kimiyya, a ce gonar ubansa ce ta fi ta kowa datti?

Da na tashi yi masa magana ban jira mun shiga gida ba. A gindin itacen bedi na same shi, bayan la'asar, cikin dattawa, na ce, "Baba, wannan barin kututture aikin jahilci ne. Kimiyya ta hana." Kalmar da na yi amfani da ita ke nan, jahilci, ga mutumin da ya sayar da awakinsa ya kai ni lakol.

Baba ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman boko, ya ce, "To, mushe. Kai ad da littahi, ni ad da hauya. Ɗauki rabin gabas ka yi yadda taka ta ce, ni in riƙe rabin yamma, mu gani."

Kwana huɗu na yi da gatari ina tonon kututture har tafin hannuna ya fashe. Na tara, na ƙone, na koma bakin aiki ina jin na yi wa gidanmu gata.

Da babban hutu na dawo, na tarar da shi yana shuka ta uku a rabin gabas. Iskar da ke zuwa gaban hadari ta sami fili fetal, ta kwaso rairayi ta binne ɗanyen hatsi sau biyu. A rabin yamma kuwa 'yan itacen nan sun tare iska, ganye ya taru a gindinsu, hatsi ya kai gwiwa. Gani ya kori ji, in ji mutane, amma ni bai kori nawa ba. Na ce iskar bana ce ta yi yawa. Baba ya ci gaba da jefa iri. Abin da ya fi ƙona mini rai yanzu, wanda ya raba gona biyu don a gwada, shi ne ya yi aikin kimiyya a tsakaninmu. Ni da aka horar ban ma gane gwaji aka yi a gabana ba. Na koma aji na ci gaba da rubuta darasin nan a allo, shekara da shekaru.

Furfura ta fara fito mini lokacin da aka kira mu garin Agiye, mu malaman kimiyya na kwalejojin karkara, wai ƙarin horo. Mai horon wani saurayi ne daga birni, da kwamfutarsa da ƙamshin turarensa. Ya haska mana hoton gona cike da ƙananan itace, ya ce wannan shi ne sassaben zamani, kimiyya ta tabbatar yana tare iska, yana gyara ƙasa. Ya ce mu kwafe taƙaitaccen darasin mu kai wa yara. Muryarsa sak irin ta waɗanda suka koya mana akasin haka.

Na miƙe. Na ce, "Za mu gaya wa yaran cewa da bakinmu muka koyar da iyayensu su tone itacen nan?"

Ya ce, "Malam, wannan ba ya cikin tsarin karatu."

Na ce, "To a sa shi. A gaya musu dalilin da ya sa masana suka yarda da wancan, da abin da aka gani har aka sauya. A gaya musu manoman da aka yi wa dariya suna cikin waɗanda suka nuna hanya. Akwai zamanin da masana suka yarda nama ne ke haifar tsutsa da kansa, sai da wani ya rufe nama ya hana ƙuda sauka. Yaron da ya san wannan, in ido ya nuna masa wani abu daban da littafi, zai tsaya ya duba. Mu ba a koya mana ba."

Ya yi murmushin nan na wanda ke lallashin tsoho. "In yara suka ji littafi yana kuskure, za su raina malami."

Wallahi da ba don kunya ba da na jefe shi da kayen da ke hannuna. Raini? Ni da ba a taɓa gaya mini littafi yana kuskure ba, wa na raina? Ba ubana ba? Abokan aikina suna jan rigata, wai in zauna lokacin abinci ya yi. Na fita ban ci ba, na nemi mota zuwa gida.

Baba ya tsufa sosai, ba ya zuwa gona, ido ya yi rauni. Na same shi a zaure a kan buzu. Na durƙusa, na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye kafin na iya fitar da maganar. Na ce, "Baba, zancen kututture. Kai ke da gaskiya. Yanzu har a littafi an rubuta, an ce mu koya wa yara. Ka yafe mini abin da na faɗa maka a gaban mutane."

Ya laluba ya dafa kafaɗata, ya ce, "Yahewa kam na yahe tun ran nan. Amma hwaɗa mani, littahin na yat turo ka, ko kai kaz zo da kanka?"

Shekara ashirin da ɗoriya ina wuce gonar nan da idona biyu, ban zo ba sai da aka sauya shafi.