Sarauniyar da Na Ƙi Bayarwa

Akwai maganar da na faɗa wa kakata ina 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda har yau in na tuna ta sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta rasu ban nemi gafararta ba, domin a lokacin ban ma san laifi na yi ba. Sai da na yi aure, na haihu, furfura ta fara leƙo mini, sannan na gane, kuma wai wasan dara ne ya ganar da ni.

Iya muke ce mata, ita ta haifi mahaifiyata. Mutuniyar Awe ce, cikin matan da ke dafa gishiri. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara uku, babana kuwa direban motar doya ne, yau yana Assakio gobe yana Kudu. Saboda haka na buɗe ido na gan ni a hannun Iya, a gidan ɗanta Kawu Sule, nan garin Lafiya. Ɗaki ɗaya muke kwana ni da ita. Sana'arta suyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida, kuma abin da take samu bai taka kara ya karya ba. Zannuwanta uku ne, na san su kamar yadda na san yatsuna.

Da an idar da sallar magariba, garwashin suyarta bai mutu ba tukuna, sai ta tura gutsattsarin doya cikin toka, mu kuma mu kewaye murhu, ni da 'ya'yan Kawu. In doyar ta gasu ta kankare da wuƙa, ta ɗiga manja, ta barbaɗa gishirin kanti tana tsaki.

"Wannan ba gishiri ba ne," in ji ta. "Farin yashi ne aka sa masa leda."

Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai dai ta buga wuƙar a dutsen murhu ta ce, "Wa ya zo da kunnensa?" Mu ce, "Mu ne!" Ta ce, "To wanda ya bar nasa a ɗaki ya je ya ɗauko." Tatsuniyoyinta da yawa ne, amma akwai guda da take maimaitawa har muka gaji da ita.

Wai wata mata ce a bakin kogi, mijinta ya mutu, ba ta da komai sai farar saniya mai nono da 'yar ƙaramar 'yarta. Da nonon saniyar suke ci, da shi suke sutura. Ran nan tana zaune, yarinyar na wasan ƙasa a bayan ɗaki, sai ga dodon kogin ya fito ya doso gidanta, mutanen gari na biye da shi daga nesa suna kallo. Ya yi sallama, ya zauna, ya gyara murya zai yi magana. Kafin ya buɗe baki matar ta miƙe, ta kwance saniyar, ta danƙa masa igiya a hannu, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Baƙo, ga tukwicin zuwanka gidana." A ƙasar nan kuwa ba a mayar da kyauta, kuma wanda ya karɓi kyautar gida ba ya sake roƙon komai a gidan. Dodo ya dubi igiya, ya dubi jama'a, ya ja saniya ya koma ruwa yana huci. Daga ranar matar ba ta ƙara shan nono ba, sai kunu tsura ita da 'yarta.

Nan tatsuniyar take ƙarewa. Kullum sai mun yi ƙorafi.

"Iya, to me dodon ya zo nema?"

"Oho. Ai ba ta bari ya faɗa ba."

"Wataƙila ruwan sha kawai yake so!"

"Wataƙila," in ji ta, tana tona wuta. "Na sauke kayana, mai so ya ɗauka."

A wannan shekarar ce na fara tsintar zancen manya. Duk baƙin da suka zo daga Awe sai sun yi maganar Gwaggo Talatu, yayar babana: ta yi wa gidanta rufin kwano, ta sayi injin niƙa, bana ma za ta Makka. Kuma duk da me? Da filin gishirin Iya. A Awe mata ke da filayen nan, uwa ta bar wa 'yarta, 'ya ta bar wa tata. Da rani su yayyafa wa ƙasar ruwan gishiri, rana ta busar, su kankare, su tace a tukwane, su dafa. Na Iya yana cikin masu kyau, in ji su, amma rana ɗaya ta ɗauka ta ba Gwaggo kyauta, ba wanda ya roƙe ta. Ni kuwa na iya lissafi tun ina ƙarama. Na ce filin nan na Iya ne, daga ita sai mahaifiyata, daga mahaifiyata sai ni. Ashe gadona ne ake yin rufin kwano da shi, ni ina zuwa makaranta da takalmin da aka ɗinke sau uku.

Tsakanin jika da kaka akwai wasa, kowa ya sani. Ina ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, tana ce mini mummuna wadda ba mai aure, a yi dariya a wuce. Wannan ƙofar na bi na shigar da abin da ba wasa ba. Wata magariba ta gama tatsuniyar saniya, 'ya'yan Kawu na zaune, matar Kawu na wanke-wanke kusa da mu, sai na ce:

"Ni na san wannan matar. Ke ce. Wawiya ce ita, ke ma wawiya ce. Kin ɗauki gadona kin ba mutane, kin zo kina ba mu ƙonanniyar doya."

Na yi dariya don a ce wasa ne. Ba wanda ya taya ni. Matar Kawu ta saki kwano ta yo kaina, Iya ta ɗaga mata hannu.

"Bar ta. Ƙawata ce, wasa muke yi."

Ta kankare doyar da ke hannunta, ta miƙo mini, ni kuma na karɓa na ci, don ban da kunya. Ba ta sake yin tatsuniyar saniya ba har ta koma ga Allah, ina aji biyu a kwalejin horon malamai. A lokacin har daɗi na ji da aka huta da ita. Gwaggo Talatu kuwa na sa mata karan tsana. In mun haɗu wajen biki ko rasuwa in gaishe ta a tsaye, in wuce. Ko aurena sai a bakin mutane ta ji ranar.

Yanzu ni malamar lissafi ce a wata sakandare. Bara wani abokin aikinmu, Mista Danladi, ya kawo darar Turawa ɗakin malamai, wadda ake kira ces, ya dage sai ya koya mini. Na koya, har abin ya shiga raina. Darasin farko da na riƙe shi ne sarauniya ta fi kowa ƙarfi a kan allo, kada ka kai ta inda za a cinye ta. Wannan bai yi mini wuya ba, ni da ma ba na sakin abin hannuna.

Wata Alhamis ya jera mini 'ya'yan dara ya ce in warware. Ni ce mai farare, kuma wai da taku biyu zan kashe wasan. Baƙin sarki yana can lungu, sojojinsa biyu a gabansa, gida ɗaya ne kawai a buɗe a gefensa, hasumiyarsa, ɗaya daga manyan 'ya'yan darar, na tsaye kusa. Ni ina da sarauniya da doki a kusa da shi, dokin ma ana shirin cinye shi. Na juya, na juya. Na kai sarauniya nan, sarki ya tsira. Na janye doki, wasa ya yi tsawo. Aka tashi ban samu ba. Na zana abin a bayan littafina na tafi da shi gida, miya ta kusa ƙonewa ina kallon takarda.

Washegari Mista Danladi ya same ni a kai, ya yi dariya, ya ce da gurguwar Hausarsa:

"Malama, har yanzu? Kai yana riƙe sarauniyan nan kamar jaka na albashi. Akwai gida ɗaya da kai bai duba ba sam."

Gaskiyarsa. Gidan da ke gefen sarki ban ko kalle shi ba, don duk wanda ya shiga nan an cinye shi. Na ɗauki sarauniyar, hannuna na ƙi, na ajiye ta a nan, kafaɗa da kafaɗa da baƙin sarki. Sai na ga abin. Sarki ba zai iya cin ta ba, dokina na tsaron gidan. Ba shi da wajen gudu. Hasumiya ce dole ta ci, ko tana so ko ba ta so. Da ta ci kuwa ta toshe wa sarkinta ƙofa ɗaya tilo da ta rage. Doki ya yi tsalle ɗaya, wasa ya ƙare.

Mista Danladi na tafa mini, ni kuwa idona na kan allon. Ba cin wasan ne ya tsaya mini a rai ba, wannan dolen ce. An ba ka abu mafi tsada, ba ka da ikon ƙi, kuma karɓar ce ta ɗaure ka. Na ga dodo riƙe da igiya yana duban jama'a. Shekara talatin ina tunanin saniya, ban taɓa tunanin yarinyar da ke wasa a bayan ɗaki ba.

Ranar Asabar na shiga motar Awe. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida ita kaɗai, ta tsufa ƙwarai, idonta ɗaya ya yi fari. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, abin da ban taɓa yi ba. Ta daɗe tana dubana kafin ta ce, "Hadiza ce? Wa ya mutu?"

Na ce ba wanda ya mutu, tambaya na zo yi. Yaya aka yi Iya ta ba ta filin?

Ta gyara zama.

"Kin san ban taɓa haihuwa ba. Da uwarki ta rasu, dangin ubanki suka zauna suka ce ni za a ba riƙonki, 'yar ƙanena ce, haƙƙina ne. Kakarki ta wajen uwa ce, ba ta da ta cewa. Ranar sadakar arba'in na je ɗaukar ki. Har sabon zanen goyo na saya, na sa a jaka. Gida cike da mata. Na gaishe da kakarki, na buɗe baki ke nan, sai ta miƙe ta ce, ku shaida, filin da 'yata za ta gada, tunda ta riga ni tafiya, na ba Talatu halak malak."

"Ba ki ce ba kya so ba?"

"In mayar wa babba kyauta a gaban jama'a, tana cikin makokin 'yarta? Ai da na zage ta. Na karɓa, mata na ta sa mata albarka. To da wane bakin kuma zan ce ta ba ni ke, bayan na karɓe abin da take ci da shi? Kina kan cinyarta kina barci. Na koma gida da zanena a jaka. Kafin sati ta kwashe ki sai Lafiya." Ta share idon nan mai gani da gefen mayafi. "Ta fi ni wayo, Allah ya jiƙanta. Ni ba gishiri na je nema ba."

Na rasa inda zan sa kaina. Mata biyu suka yi ja-in-ja a kaina, kowacce na so na, ɗaya ta rasa abincinta, ɗaya ta rasa 'ya. Ni kuma na saka wa ɗaya da wawiya, ɗayar na ɗauke ta ɓarauniya. Ta farkon ba ta inda zan same ta sai addu'a. Na fashe da kuka na ce, "Gwaggo, ki yafe mini."

"Me kika yi mini? Yarinya ce ke." Ta kamo hannuna ta riƙe. "An ce kin haihu. Su nawa ne?"

Na ce uku.

"Ba wanda ya taɓa faɗa mini sunayensu. Faɗa mini a hankali, kaina ba ya riƙe abu yanzu."

Na fara da babbar. Ina faɗa tana maimaitawa, tana lanƙwasa yatsa ɗaya ɗaya. Da muka kai ƙarshe ta ce in sake daga farko.