Yadda na naɗe na'ura a cikin gafakar mahaifina

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, rubuce-rubucensa na ajami suka zauna a hannuna a Cadawa. Yayana da ke da shago a Gidan Rumji ya ce yana son nasa rabon karatun. Takardun kuwa sun tsufa, gara ta ci gefensu, ba su jure tafiya. Na ɗauki hotonsu na tura masa ta waya, ya ce wasulla duk sun dushe, ba ya rarrabe komai.

Sai abokina, malamin makarantar boko da muke kira mushe, ya kawo dabara. Akwai wata manhaja da ke ɗauke hotuna daga na'ura zuwa na'ura ba tare da ta rage musu kyau ba, kuma yayana yana da ita a kwamfutar shagonsa. Tawa tsohuwa ce, kuma tsarin da ke cikinta daban ne. Mushe ya ce ba don irin tawa aka yi manhajar ba, amma wasu bayin Allah sun juya ta yadda za ta zauna a ciki. Yini guda muka yi a zaurena, yana buga umarni a baƙin allo, na'urar tana ƙi, ni ina salati. Wajen la'asar ta yarda. Ya zuba hotunan, ya ce, "Malam, yanzu sai haƙuri. Da kanta za ta kai."

Abin da bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba, shi ne sai tana buɗe take aiki.

Mu kuwa tun muna gaban allo aka hore mu: ba a barin rubutu mai sunan Allah a buɗe a tashi. Saboda haka duk sanda aka kira salla, ko zan fita gona, sai in rufe na'urar a hankali, in sa ta cikin gafakar mahaifina, jakar fatar da yake ajiye littattafansa, in rataye ta sama. In na dawo in buɗe, in ɗan duba ɗan layin da ke nuna tafiyar aiki, in ga bai motsa ba, in ce matsalar rezo ce, wato layin sadarwa, in sake rufewa.

Kwana tara, shafi uku kacal suka isa. Yayana ya kira ni, muryarsa a sanyaye. "In ka fi so ka riƙe rubutun Baba kai kaɗai, ka faɗa mini kawai." Maganar ta soke ni, don tun muna yara bai taɓa zargina da rowa ba.

Ranar kasuwa sai ga shi a mota, ko ruwa bai sha ba. Na aika aka kira mushe ya yi mini shaida. Mushe ya duba ko'ina a zauren ya ce, "Ina na'urar?" Na nuna masa gafaka tana lilo a ƙusa.

"Malam, tun yaushe take can?"

"Kullum nan take kwana. Rubutun Baba ne a ciki fa."

Ya dafa kai. "Ai ka ɗaure jaki a turke ne kana jiran labarin ya isa Maraɗi!"

Yayana ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Wanga ƙanen nawa! Da ka sa mata turare ma."

Na haɗiye kunya. Muka yi shawara: za a bar ta a buɗe bisa buzu, mu riƙa salla bi da bi don kada a bar ta ita kaɗai. Mushe ya kunna. Muka jira, layin bai motsa ba. Sai ya juya wajen yayana.

"Alhaji, taka ta shago tana kunne?"

Yayana ya sosa gemu. "Na kashe ta. Na rufe ta da darduma kafin in fito."

Ranar mushe dariya ta kai shi ƙasa.

Da babu abin yi, na sauko da takardun ainihi. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, yana karantawa ina riƙe masa gefen da gara ta ci. Da ya zo inda Baba ya rubuta ranar haihuwarsa a gefen shafi, sai ya ɗora yatsa a kan wurin, ya sake karanta shi a hankali.

Hotunan sun isa daga baya, cikin yini biyu. Har yau in na tuna nakan gode wa Allah da rashin sanina, don da na iya aikin tun farko, da yayana bai taso ba. Kuma har gobe, in na tashi salla, hannuna sai ya kai ga murfin na'urar kafin in tuna.